Gyaran ƙafar gaba ta Golf 3 da hannunka, da kuɗi kaɗan: tambayoyi da amsoshi

Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf 3 a 1991, ya daina ƙera ta a 1997, sai mai dogon baya da ta kai 1999. Ke nan duk wadda ka gani yau a tasha ana mata lodi, ko a ƙofar gidan malamin makaranta, ta haura shekara 25. Injinta yana da juriya, amma ƙafarta an tsara ta ne don titunan Jamus, ba don ramukan damina da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin wannan mota suka fi yi idan suna son taɓa ƙafar gaba da kansu.

Me da me ke cikin ƙafar gaban?

Ba su da yawa, shi ya sa ake iya gyaranta a gida. A kowane gefe akwai shokozoba a tsaye, sifirin ya naɗe ta. Samanta yana maƙale da bodi ta hanyar wata roba mai kauri da ɗan boris a ciki, wanda ke ba ta damar juyawa idan ka murza sitiyari. Ƙasanta kuma ƙusoshi biyu ne ke riƙe da ita a jikin ƙarfen da taya ke ɗaure. Daga can ƙasa akwai lowa am, wato hannun ƙarfen da ke riƙe ƙasan taya, mai bushin biyu (robobin da yake maƙale da jikin mota ta cikinsu), da boljoyin, gaɓar da ke juyawa, a bakinsa, sai tayarod da ke zuwa daga sitiyari. Tunda motar da gaba take ja, shaf, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, shi ma ta nan ya biyo. Wannan shaf ɗin ka riƙe shi a ranka, domin shi ne ke iyakance yawancin abin da mutane ke son yi wa motar.

Motata tana dukan ƙasa a kowane tudu. In ɗaga ta kawai?

Dakata tukuna. Kafin ka ƙara mata tsayi, gano ko tsayinta na asali ne ta rasa. Ajiye ta a daɓe mai lebur, iskar taya daidai, babu kaya a ciki. Auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi, hagu da dama. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da fiye da santimita ɗaya, akwai sifirin da ya gaji ko ya karye. Sau da yawa zagayen ƙarshe na ƙasa ne ke ɓallewa a cikin kaskon da yake zaune, inda laka ke taruwa, kuma ba za ka gani ba sai ka sa hannu ka share.

Sai ka buɗe bonet ka dubi kan shokozoba. Akwai wani faifan ƙarfe a saman. Ɗan sarari tsakaninsa da bodi ba laifi ba ne, amma idan faifan ya taso sosai har yatsa na shiga ya yi wasa, robar ta murƙushe, motar ta zauna a kanta. Wannan cuta ce ta Golf 3 da kowane bakanike ya sani. Sabuwar roba da lafiyayyen sifirin su kaɗai sukan mayar wa mota da tsayin da mai ita ya manta tana da shi. Mutane da yawa sun biya kuɗin ɗaga mota alhali abin da take nema ke nan.

Ƙara nake ji, amma ban san daga ina ba. Yaya zan gane abin da ya mutu?

Kunne da hannu sun isa, in ka yi haƙuri. Ƙwanƙwasa mai nauyi idan ka faɗa rami, musamman wadda kake ji kamar daga bayan dashbod, yawanci robar kan shokozoba ce. Idan mota na tsaye ka murza sitiyari ka ji sifirin yana tsalle yana "ƙas, ƙas", boris ɗin cikin robar ne ya cije. Ƙara mai maimaituwa, "tak-tak-tak", idan ka karya kwana kana ba da wuta, wannan shaf ne, ba ƙafa ba. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya canja murya idan ka karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne. Idan kuma ka taka birki ka ji motar ta ɗan ja gefe kafin ta daidaita, ka zargi bushin baya na lowa am.

Daga nan ka ɗaga tayar. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza: in ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. Kama ta hagu da dama: in ta yi wasa, tayarod ne. Ka sa wani ya riƙa girgizawa kai kuma ka kwanta da tocila, hannunka a kan abin da kake zargi. Wasan da ido bai gani ba, tafin hannu yana jin sa. Bushin kuwa, sa dogon ƙarfe ka ɗan banƙare lowa am ɗin, ka duba ko robar ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta.

Ita shokozoba, danna gaban motar da ƙarfi ka saki. Ta taso ta tsaya, shi ke nan. In ta ci gaba da lilo, ta gama aiki. Ɗan damshin mai da ƙura ta manne masa ba abin tashin hankali ba ne, amma man da ke gangarowa har ƙasa alama ce ta mutuwa.

To na gyara komai, har yanzu ina son ƙarin tsayi. Nawa zan iya ƙarawa?

Santimita 2, in ka matsa 3. Fiye da haka ban ba ka shawara ba, kuma ga dalili.

Shaf yana fitowa daga giya ya tafi taya kusan a miƙe. Duk lokacin da ka ɗaga bodi, giya ta bi shi sama, taya tana ƙasa, shaf ya karkace. Gaɓoɓinsa suna iya jure karkata, amma ba ta dindindin mai yawa ba. Robar da ke rufe su takan fara gogar kanta ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, nan da 'yan watanni ka fara jin tak-tak ɗin nan. Boljoyin da tayarod su ma suna aiki a kusurwar da ba tasu ba. Garin neman gira sai a rasa ido.

Hanyar da aka fi bi ita ce sa zoben kauri, na roba mai tauri ko na alminiyam, ko dai a ƙarƙashin sifirin ko a saman shokozoba. A irin wannan ƙafa, kaurin zoben kusan shi ne tsayin da za ka samu. Wanda ake sawa ƙarƙashin sifirin yana da illa ɗaya da ba a cika faɗa ba: yana cinye sararin da shokozoba ke da shi na miƙewa. Idan taya ta faɗa rami, shokozoba ta kai ƙarshenta da wuri, sai ka ji "gam". Kuma dole zoben ya kasance an sassaƙa shi daidai da bakin sifirin, ya zauna daram. Zoben da aka yanko daga tsohuwar taya da wuƙa yana zamewa.

Na ga ana cusa guntun roba tsakanin zagayen sifirin. Yana aiki?

Yana ɗaga mota, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa direbobin haya ke yi. Amma zagayen da ka toshe ya daina aiki, sauran su ɗauki nauyinsa. Motar ta yi tauri, sifirin ya riƙa lanƙwasa a wuri ɗaya har ya karye a nan. Karyayyen sifirin na gaba kuwa kusa yake da gefen taya. In za ka kai buhunan masara kasuwa yau ka cire gobe, wannan tsakaninka da motarka. A matsayin gyara na zama, a'a.

An ce in sa sifirin na mai dizal ko na VR6.

Shawara ce mai ma'ana, in an bi ta da lura. Injin dizal da VR6 sun fi na 1.6 da 1.8 nauyi, don haka sifirin ɗinsu ya fi ƙarfi. Ka sa na dizal a ƙarƙashin ƙaramin inji, gaban zai ɗan taso kuma ba zai riƙa nutsewa a rami ba. Na fi son wannan a kan zobe, domin kayan kamfani ne. Na VR6 da GTI kuwa ka yi hattara, domin motocin gudu ne: ƙarfi ba ya nufin tsayi, kana iya sawa ka ga motar ta yi tauri ba ta taso ba. Sannan faɗin saman sifirin ba ɗaya ba ne a duk shekarun motar, don haka ka je kasuwa da naka a hannu.

Volkswagen yana ɗiga wa sifirin fenti mai launi don a gane ajinsa. A kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka goge ƙurar ka nemi ɗigon, ka tabbata guda biyun da za ka saya launinsu da adadinsu ɗaya ne. Tsayar da su gefe da gefe a ƙasa ka ga tsayinsu. Wanda tsatsa ta ci har ya yi ramuka, bar musu kayansu komai arharsa.

Babbar taya fa?

Wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma ita kaɗai ce ke ɗaga komai har da lowa am, ba tare da ta karkatar da shaf ba. Amma ƙarin kaɗan ne. Daga 175/70 R13 zuwa 185/70 R13 za ka samu kamar milimita 7. Daga 185/60 R14 zuwa 185/65 R14, kamar milimita 9, ga kuma gefen taya mai kauri da ke kare rim daga lanƙwasa. Wasu suna tsallakawa zuwa 185/70 R14, wadda ke ba da kusan milimita 18, sai dai takan gogi cikin madigadi idan an karya sitiyari gaba ɗaya ko an yi lodi. Ka kuma sani agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, kamar kashi 3 cikin 100 a 185/65, kuma ƙaramin inji zai ɗan ji nauyin tashi.

Ni saukar da ita nake so, don ta yi kyau. In yanke sifirin?

Motarka ce. Amma yankakken sifirin ba ya zama a mazauninsa, kuma idan taya ta rataya yana iya fita. Gasa shi da wutar walda don ya sauka ya fi muni, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, kuma ba za ka taɓa samun gefe biyu daidai ba. In dole sai ta sauka, nemi sifirin da aka ƙera gajere tun asali, sannan ka fara lissafin tudun rage gudu nawa ne tsakanin gidanka da wurin aiki.

Shokozoba: mai gas ko mai mai? Sabuwa ko ta balijiyam?

Duka biyun mai ne a ciki. Mai gas an ƙara mata iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa idan ya ɗau zafi, abin da ke faruwa a doguwar gargada. Don haka mai yawan tafiyar ƙauye ya fi cin moriyar mai gas, ko da yake takan ɗan fi tauri. Mai yawo cikin gari, mai mai ta ishe shi.

Sunaye irin su Sachs, Boge, KYB, Monroe da Bilstein suna da kyau, matsalar ita ce kwali ba ya nuna abin da ke ciki, jabu ya yi yawa. In farashin sabuwa ya yi arha har ka yi mamaki, to mamakin naka yana da dalili. Ta balijiyam mai lafiya ta fi sabuwar jabu. Gwada ta a tsaye: ja sandar sama, danna ƙasa, ka ji tana turjiya tun daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri da ta zube fanko ba. Dubi sandar da kyau, kada a sami ƙarzuwa ko tsatsa, domin su ke yaga robar da ke tare mai. Kullum a canja biyu tare. Kuma kada ka mayar da ita tsirara: robar da ke rufe sandar daga ƙura, da ɗan guntun soson da ke hana ta dukan ƙarshe, kuɗinsu kaɗan ne, amma ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta kashe shokozobar da ba ta da su.

Masu huda tsohuwa su ɗura mata mai su toshe, suna sayar maka da 'yan makonni ne. Ta inda man farko ya fita, ta nan na biyu zai bi.

Wane bushin ya fi?

A nan ne ake samun gyara mai arha da ake ji a sitiyari nan take. Bushin baya na lowa am, na asali, yana da ramuka a jikin robar don laushi, kuma daga ramukan yake fara tsagewa. Masu Golf sun daɗe da gano cewa na Audi TT na farko, wanda robarsa cike take babu rami, yana shiga mazaunin. Ya fi daɗewa, motar kuma ta daina rawa idan an taka birki. Za ka ɗan ƙara jin hanya a hannunka, ba wani abu mai yawa ba.

Masu launi na roba mai tauri da ake tallatawa a intanet suna da ƙarfi, amma suna buƙatar giris, giris kuma yana kama ƙura, sai kuka ya biyo baya. Waɗanda ake yankawa daga tayar babbar mota a bakin kasuwa, ban raina hikimar masu yi ba, sun fitar da mutane da yawa daga daji. Sai dai ba a manne suke da ƙarfensu ba, don haka alaimen, wato saitin tayoyi, ba ya zama.

Ga abin da ko wasu bakanikai ke tsallakewa. Kada ka ɗaure ƙusoshin lowa am tamau mota tana rataye. Ɗaura su sama-sama, sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, sannan ka ƙarasa. In ka ɗaure tana sama, da zarar ta sauka bushin gaba zai kasance a murɗe har abada, kuma sabon da ka saya ba zai ga damina biyu ba.

Bakanike ya ce zai bubbuga boljoyin ya matse, ba sai na saya ba.

Kada ka yarda, ko da kyauta ne. Haka ma walda a tayarod ko lowa am da ya tsage. Boljoyin shi ke riƙe ƙasan taya. Ranar da ya fita, tayar takan kwanta waje, shaf ya zare, kuma ba ya sallama kafin ya fita. Ko'ina a motar nan kana iya lallaɓawa, ban da nan.

Wane kayan aiki nake bukata, kuma ina haɗarin yake?

Jak mai kyau, sifanoni da soket, alanki mai lamba 7 don riƙe sandar shokozoba yayin kwance notin sama, guduma, dogon bututu na ƙara ƙarfi, da man kwance tsatsa da za ka fesa tun daren jiya. Abu biyu kuma ba a sasantawa a kansu.

Na farko, abin tokare mota. Jak na ɗagawa ne kawai. Samu ƙafafun ƙarfe na tokare, in babu, gungumen katako mai ƙwari. Bulon siminti yana fashewa ba gargaɗi. Tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar, ka sa dutse a tayoyin baya, kuma kada ka yi aikin a kan rairayi.

Na biyu, abin matse sifirin. Sifirin da ke ɗauke da gaban mota yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Ɗaure shi da waya ko igiya, ko sa yaro ya taka a kwance noti, ganganci ne. In ba ka da maƙatan matsewa guda biyu masu kyau, ciro shokozobar gaba ɗaya da sifirin ɗinta, ka kai wa mai kayan aiki ya raba ya haɗa maka, ka dawo ka ɗaura da kanka. Har yanzu ka tsira da yawancin kuɗin aiki. Lura cewa akwai noti biyu a sama: na waje yana sakin shokozoba daga bodi, na ciki shi ke riƙe sifirin. Na cikin kada ka taɓa shi sai sifirin na matse.

Dole ne in je alaimen bayan na gama?

Dole. A Golf 3, ƙusoshi biyun da ke ƙasan shokozoba su ne ke saita karkatar taya ciki ko waje. Kafin ka kwance su, zana layi da ƙusa ko fenti a inda ƙarafan suka haɗu, haka ma ƙusoshi ukun boljoyin. Wannan zai mayar da kai kusa da inda kake, amma in ka ƙara tsayi saitin ya riga ya canja.

Don ka isa wurin alaimen ba tare da ka cinye taya ba, miƙe sitiyari, gangara motar gaba kaɗan, ka auna tazarar tayoyin biyu ta gabansu da ta bayansu, a tsayi ɗaya, daga zane ɗaya. A wannan mota awon biyu ya kamata su zo kusan daidai. In bambancin ya wuce milimita biyu, gyara a tayarod. Notin taya kuma awon ƙarfin ɗaure shi 110 Nm ne a sifana mai awo, ba sai an hau sifana da ƙafa ana tsalle ba.

Sandar da ake gicciyawa a kan inji tana da amfani?

Tana ɗan ƙarfafa tsohon bodi, kuma mai walda zai iya haɗa maka. Amma in kuɗin abu ɗaya gare ka, sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya kare kaskon mai. Kauri milimita 3 ya isa. A ɗaure shi da ƙusa a jikin ƙarfen ƙasa, ba walda ba, a bar sarari tsakaninsa da kaskon, a huda wurin juye mai da wurin da ruwa da yashi za su fita. Yawancin masu son ɗaga mota kaskon nan suke tsoron fasawa, kuma farantin ya fi ƙarin tsayin santimita biyu ba su kwanciyar hankali.

In na ɗaga gaba, sai na ɗaga baya?

In ƙarin ya kai santimita 2, gara ka daidaita, in ba haka ba fitilunka za su riƙa haska idon masu tahowa. Ko ka daidaita, ka sake saita fitila. Amma akwai tarko a baya: yawancin motocin da ba su da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki, suna da wani bawul a kusa da ƙarfen tayoyin baya, mai auna nauyin kaya ta yadda motar ta zauna, ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. Ka ɗaga bayan, bawul ɗin zai ɗauka motar fanko ce ko da ta cika da mutane, ya rage birki. Sai an sake saita shi, kuma wannan aikin wanda ya san birki ne.

Tawa ba Golf ba ce. Bayanin nan ya shafe ni?

Gwajin ƙara da girgiza taya, ɗaure bushin mota na ƙasa, da haramcin bugun boljoyin, duk sun shafi kowa. Corolla ta shekarun 1990 tsarin ƙafarta kusan ɗaya ne da wannan. Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da ƙanwarta 505, da baya suke ja, don haka babu shaf a gaba da zai takura maka, kuma dama da tsayinsu suka zo. Civic da Accord na wancan zamani suna da ƙarin hannu a sama mai nasa boljoyin, wanda shi ma sai an duba, kuma ba sa son ɗagawa sosai. Marsandi 190 da W124 kuwa sifirin ɗinsu dabam yake zaune da shokozoba, dogo ne mai ƙarfin gaske, maƙatan da ake matse na Golf ba sa riƙe shi. Yana buƙatar nasa abin matsewa da ke shiga ta tsakiya, kuma in wanda za ka kai wa bai nuna maka shi ba, ɗauki motarka ka nemi wani.